Yaron da Aka Kawo Riƙo Gidana

Litinin, 12 ga Mayu, bayan La'asar

Na dawo daga Yankara na tarar da jariri a gidana.

Na aje babur a zaure, na yi sallama, sai kuka ya amsa mani daga ɗakin matata, Hajiya Safara'u. Rabonta da haihuwa ya fi shekara goma, don haka na san ba nata ba ne. Tana zaune bakin gado da shi a cinya. Gefenta Lidiya ce, malamar asibitin unguwarmu, da jakarta da gwangwanin madara.

Na ce, "Baƙo muka yi?"

Hajiya ta ce, "Baƙo ne, Alhaji. Mai daɗewa, in ka yarda."

Lidiya ta karɓe zancen. Wai akwai shiri a asibitinsu na matan da suka haihu ba miji. Ana duba su, ana ba su magani, in uwa ba ta da halin riƙe ɗanta a nema mashi gidan mutunci. Wai wannan gwaji ne. Bayan Babbar Sallah jami'in walwala zai zo da mai unguwa su ji bakina. In na ce a'a, akwai wani gida a Kankara da ke jira.

Na ce, "Ɗan wa ne?"

Ta ce, "Ɗan Adam ne, Baba Alhaji."

"Ban tambaye ki wa'azi ba."

"Sunan uwa ba ya fita daga bakina. Ko kai ka zo mani da ciwon da ba ka son a ji, haka zan rufa maka."

Sunansa Abdulganiyu. An riga an raɗa, ban san inda aka raɗa ba.

Ni Mani, da na bar makaranta a aji uku na kama turin baro a tashar Faskari, yau ga injinan casa ga motar ɗaukar kaya, ba wanda ya ba ni ko allura, a ce an shigo da mutum gidana sai dai in ji kukansa. Gidaje nawa ne a garin nan? Me ya sa nawa?

Laraba, 14 ga Mayu, da hantsi

Murya gare shi kamar injin da mai ya ƙare mashi. Hajiya ta manta da kokona yau. Tunda muka yi aure ba ta taɓa mantawa ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

A majalisa, Malam Jabiru mai taki ya jira sai da kowa ya zauna sannan ya gyara murya.

"Alhaji Mani, ashe an yi ƙaruwa, ba goro ba ƙauri?"

Na ce riƙo ne, daga asibiti.

"Riƙo kau? Yo ai matata Shafa'atu ta shiga barka, ta dawo tana ce mani kunnuwan yaron kamar an yanko naka an ɗinka mashi. Halan Yankara ba masara kaɗai ake casawa ba?"

Suka fashe da dariya har da masu tafi. Na yi dariya ni ma, don kada a ce ta kama ni. Amma Allah shi ne shaida, ban taɓa sanin wata mace ba sai ta aurena. Na kwana tasha, na kwana kasuwa, na kwana bayan mota, ban taɓa ba.

Da na koma gida na ce a buɗe mani kansa, wai zan ga ko zafi ya yi mashi ƙuraje. Na duba. Na fito zaure na duba madubin babur.

Kunne kunne ne. Rabin mutanen Faskari kunnuwansu a tsaye suke.

Asabar, 17 ga Mayu, kafin Magariba

Na yi tunani. Wataƙila tarko ne. Wataƙila wata ce ta haifi ɗanta ta ce nawa ne, Lidiya ta yarda, Hajiya ta karɓe shi don ta ga yadda fuskata za ta yi. Mai abin hannu ba ya rasa masu haƙa mashi rami.

Na same ta tana wanke kwalbar madara, na ce, "Ke ma kin ji abin da ake faɗi a gari?"

"Na ji."

"Kin yarda?"

Sai ta yi dariya, har ta aje kwalbar. Daga nan dariyar ta juye, ta sa bakin zane a ido.

Ta ce, "Da naka ne, Alhaji, ai da na ji sauƙi."

Ban tambaye ta abin da take nufi ba. Mata suna magana.

Litinin, 19 ga Mayu, bayan Azahar

Na buga waya garin Sabuwa. Kamar kullum, yayata ce ta ɗauka, wadda duk dangi ke kira Goggo. Na ce a ba ni ɗiyata Suwaibatu. Wai tana banɗaki. Wancan makon wai ta tafi islamiyya. Na kafin shi wai barci take.

Tun bayan kaka Suwaibatu take wurinta. Abin da ya faru a hanyar gona bara da damina ba zan rubuta shi ba. An ɗauke ta, na sayar da abin da na sayar, Allah ya dawo mani da ita da ranta. Magana ta ƙare. Da ta dawo ba ta cin abinci, ba ta son ƙarar babur, sai Hajiya ta ce a kai ta wurin Goggo ta huta da idon mutane. Na ga hankali a maganar, na yarda.

Duk lokacin da na ce zan je, Goggo ta ce hanya ba kyau, in zauna. Gaskiya ne hanya ba kyau. Amma masu kai mata gero ta wace hanya suke bi?

Laraba, 21 ga Mayu, da rana tsaka

Na je asibitin, ban gaya wa kowa ba. Na ce awon jini zan yi.

Ta bayan ɗakin allura akwai rumfa. Mata ne zaune kan benci, wasu da goyo, wasu da ciki, ana nuna musu yadda ake haɗa garin kunun yara da gero da gyaɗa da waken suya. Yawancinsu yara ne. Ɗaya na san ubanta, mun yi shekaru muna sahu ɗaya a masallaci. Tana ganina ta ja hijabi ta rufe fuska, ni ma na kau da kai.

Lidiya ta taso ta tare ni tun ban ƙarasa ba.

"Baba Alhaji, yau nan ba wurin maza ba ne. Awon jini ta gaba."

Na ce, "Madarar nan da kike kai mani, ranar da za ki kawo mani lissafi ki faɗa tun yanzu."

"Ba lissafi. In an aiko daga sama mu raba. In ba a aiko ba in bi gidaje ina roƙo."

"To faɗa mani garin uwar kawai. Ba suna ba, gari."

"A'a."

"Na san babanki Ɗanhausa tun ba a haife ki ba."

"Shi ma in ya tambaya, a'a zan ce mashi." Sai ta sassauta murya. "Da yawa cikin waɗannan ba su zaɓi abin da ya same su ba. Ka fi ni sani."

Ka fi ni sani. Me na sani? Wa ya ce mata na san wani abu? Yarinyar da na gani tana tallan ƙwai.

Jinin ya hau, wai. Ta ce in rage gishiri da tunani.

Juma'a, 23 ga Mayu, da safe

An yi ruwan shuka. Ban je gona ba. Na aika.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan Magariba

Na je Sabuwa ba sanarwa. Na bi motar kasuwa, mun tsaya a shinge ya fi a ƙirga, amma lafiya lau muka isa.

Goggo tana tsakar gida tana tsince wake. Ta gan ni ta ce, "Mani! Mutuwa aka yi?"

"Sai an mutu zan zo gidanki, Yaya?"

Na ce zan zaga. A bayan ɗaki na ga babbar tukunya ta yi baƙi ƙirin kan murhu, toka tuli guda, ga ganyen darbejiya busasshe an tara a gefe. A taga kuma ƙullin kanwa. Icen da aka ƙona a wurin nan ya isa gidan biki.

Na fito na ce, "Yaya, wa ke wankan ruwan zafi cikin wannan zafin?"

"Ƙafafuna nake gasawa. Sanyin ƙashi. Ka kai shekaruna ka gani."

"Da darbejiya?"

"Da abin da na ga dama. Ka zo gaisuwa ko ka zo bincike?"

Suwaibatu ta fito ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta yi ƙiba, ta yi haske. Hijabi mai kauri ta sa, har ƙasa. Ta tambayi Ummanta. Ta tambayi yayanta Salim da ke Kaduna. Ta tambayi akuyarta ko ta haihu. Har kare na maƙwabta ta tambaya.

Duk dangi sun san an kawo jariri gidana. Goggo ta sani, ta yi mani barka ta waya. Suwaibatu ba ta tambaye shi ba.

Na ce ta shirya, gida za ta yi Sallah. Goggo ta ce a bari tukuna. Na ce ɗiyata ce, gidan ubanta ne, ba na neman izini.

A mota wani yana ta ba ni labarin farashin taki. Ban ji ko ɗaya ba.

Talata, 27 ga Mayu, bayan La'asar

Na shigo ba sallama, da gangan. Hajiya ta kara waya a bakin yaron, yana ta gwarancinsa, ita ta yi shiru. Tana ganina ta kashe.

"Wa ake wa waya da bakin jariri?"

"Lidiya ce. Tana son ta ji ko tarin ya sake shi."

Yaushe ya yi tari? Ɗakina da nata bango ɗaya ne. Ko atishawa ya yi ina ji.

Ni Mani ba a yi mani wayo. Na sayi hatsi a hannun mutanen da ke zuba tsakuwa a gindin buhu, tun daga nauyi nake ganewa.

Alhamis, 29 ga Mayu, da hantsi

Na je sakatariya na ga jami'in walwalar, Malam Abubakar Sadiq. Mutum ne mai sanyin magana, ofishinsa ba fanka. Na ce ya ba ni labarin gidan Kankara.

Wai malamin firamare ne, matarsa ba ta taɓa haihuwa ba. Sun daɗe suna nema. Har gadon jariri sun saya sun aje.

Na ce, "Suna da abin ciyar da shi?"

"Ba su kai ka ba, amma ba za ya kwana da yunwa ba."

"Ba mashaya ba ne? Ba masu faɗa ba ne?"

"Na je da kaina, Alhaji. Mutanen kirki ne."

Ban san me ya sa wannan ta ɓata mani rai ba.

Na tashi zan fita, na juyo na ce, "In aka kai shi can, uwar za ta riƙa ganinsa?"

Ya ɗago ya dube ni. "Me ya haɗa ka da uwar?"

"Tambaya ce."

"Sun ce ba sa son zirga-zirga. Suna so ya tashi bai san kowa ba sai su. In ya tafi, ya tafi."

To. Ai hakan ya fi. Kowa ya huta.

Asabar, 31 ga Mayu, bayan Azahar

Na gaya wa Hajiya shawarata. Bayan Sallah a'a zan ce. Ban san jinin wa ke yawo a jikinsa ba, kuma ba zan bar ƙazamin zance ya bi sunan da na gina da gumina ba.

Ta ci gaba da jijjiga shi. Da ta yi faɗa da ya fi mani.

Talata, 3 ga Yuni, da yamma

Suwaibatu ta iso.

Yarinyar nan tun tana ƙarama ba a aje jariri a unguwar nan ba ta ɗauka ba. Uwar 'ya'ya ake ce mata. Ta sha dawowa da fitsarin ɗan wani a zane.

Yau ta shiga ɗakin Ummanta, yaron na kwance tsakiyar gado, ta zauna a ƙasa ta ba shi baya. Ya yi kuka, ta tashi ta fita wai za ta duba akuya.

Gajiyar hanya ce.

Alhamis, 5 ga Yuni, bayan shan ruwa

Na yi azumin Arfa. Na roƙi Allah abu ɗaya. Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 6 ga Yuni, ranar Sallah, bayan La'asar

Zan rubuta yadda abin ya faru, ba ƙari.

An yanka raguna, mata sun cika tsakar gida suna gyaran kayan ciki. Na taho daga zaure da cinyar rago a hannu zan miƙa wa Hajiya, na tsaya bakin ƙofa don su gyara lulluɓi. Yaron na hannun Shafa'atu, matar Malam Jabiru. Matar nan idonta ya fi allura.

Ta ce, "Suwaiba, zo karɓi ƙanenki, hannuna ya gaji."

Suwaibatu ta ce, "Hannuna da maiƙo, Inna."

"Ga ruwa nan, wanke. Ke da ba a raba ki da goyo? Tunda kika zo ban ga kin taɓa shi ba. Ya ma sunansa? Na manta."

Ba ta manta ba. Ita ta fi kowa kiran sunan.

Suwaibatu ta sunkuyar da kai. "Umma ta sani."

"Ke fa? Kwana nawa kina gidan ba ki san sunan ƙanenki ba? Faɗi mana."

Sunan ba wuya gare shi ba. Da ta buɗe baki ta faɗa, da an wuce wurin, an koma maganar hanji. Na ga leɓenta ya motsa. Na ga Hajiya ta tsaya da wuƙa a hannu tana kallonta, kamar ta faɗa mata a baki.

Ta ce, "Yaron nan dai."

Ta tashi ta shige ɗaki.

Matan suka tsaya da aikin hannunsu. Wata tsohuwa ta yi tari. Shafa'atu ta ce, "Ikon Allah," a hankali, ta miƙa wa Hajiya yaron ba ta dube ta ba.

Salim, ɗanmu na fari, ya kusa shekara talatin. Har yau ban taɓa jin sunansa a bakin Hajiya ba. Wancan na Kaduna, haka take cewa. Yana jariri in mutane na wuri ba ta ɗaukarsa, sai ta ba shi baya. Uwata ma haka ta yi wa Goggo har ta koma ga Allah. Ba wanda ke koya wa mace wannan. A jini take tashi da shi.

Sun shirya komai. Lidiya da jakarta, Goggo da ƙafafunta, Hajiya da wayarta. Sun toshe kowace kafa, suka manta da kunya.

Mace ba ta jin kunyar ɗan riƙo.

Na koma zaure da cinyar a hannuna. Sai da ƙuda suka dame ni na tuna ina riƙe da ita.

Asabar, 7 ga Yuni

Ban fita ba.

Lahadi, 8 ga Yuni, da hantsi

Na fita majalisa don kada a ce na ɓuya. Kowa ya tashi ya ba ni wuri. An tambaye ni Sallah, an tambaye ni gona. Ba wanda ya yi maganar kunne. Ashe zolayar rahama ce.

Da za a watse Malam Jabiru ya ja ni gefe. Yau ba dariya a fuskarsa.

"Alhaji, ni mai ƙaunarka ne. Na yi wa Shafa'atu faɗa, wallahi na yi. Amma ka san bakin mata. Shawarata, abin nan ka kai shi nesa. Ido ba ya gani, baki ya gaji ya yi shiru. Yarinya tana da sauran rayuwa, wani zai fito. In yana gidan, wa zai yi sallama? Kuma ka san irin da ya fito. Ɗan kura ba ya zama ɗan akuya."

Na ce na gode.

Ba ƙarya ya yi ba. Shi ne abin haushin. Sai dai ina tunanin ko don kansa yake faɗi, ko aiko shi aka yi. Ban san wa zan yarda da shi a garin nan ba.

Lahadi, bayan La'asar

Na ce da Hajiya, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tambaye ni da baki, Alhaji, in ba ka amsa da baki."

Na kau da kai.

"Ka gani? Shi ya sa. Mun ji tsoron zuciyarka. Ranar da aka dawo da ita kwana ka yi kana wasa adda, ba ka san ma wanda za ka sara ba. Yarinya ta ce gara ta mutu da ka sani. Lidiya ce ta zaunar da ita, ta riƙa bin hanyar Sabuwa da kanta tana duba ta, a wannan hanyar. Ita ta ce kada a yar, kada a ɓoye a daji, akwai hanya."

"Hanyar a mai da ni wawa a gidana."

"Hanyar ya tashi a gaban idonta, ko da ba za ta kira shi nata ba."

Na fita na bar ta.

Ina duban fuskarsa ina neman wata fuskar da ban taɓa gani ba. Hancin wa ne? Goshin wa? A cikinsu wane ne? Allah ya isa. Allah ya isa. Allah ya isa.

Litinin, 9 ga Yuni, da Azahar

Suwaibatu ta kawo mani abinci zaure. Ta aje za ta tashi, na ce ta zauna.

"Gobe za a zo maganar yaron nan. Akwai gida a Kankara, mutanen kirki. Me kika gani?"

"Duk yadda ka ce, Baba."

"Ke nake tambaya."

Ta daɗe tana kallon tabarma.

Ta ce, "A gaya musu ba ya shan madara in ta yi zafi. Sai an bari ta huce. Kuma in yana kuka kada a jijjiga shi da ƙarfi, a hura mashi iska a ka."

Tunda ta zo ban ga ta kalle shi ba ko sau ɗaya.

Ta ce, "Shi ke nan, Baba. In tafi?"

Na ce ta tafi. Abincin yana nan yadda ta aje shi.

Talata, 10 ga Yuni, bayan Azahar

Sun zo da hantsi. Malam Abubakar Sadiq da mai unguwa suka zauna kan darduma a zaure, Lidiya ta tsaya daga bakin ƙofar ciki. A waje ga mota an tsayar, wadda za ta Kankara. Malam Jabiru da wasu mutum uku suka sami abin yi a gindin bishiyar ƙofar gidana, wai inuwa suke sha.

Hajiya ta riga ta ɗaure kayansa a zane. Na ga ƙullin a bayan Lidiya. Ɗan ƙarami, har da kwalbar.

Malam Abubakar ya yi bayani, ya ce ba dole, ba kuma abin kunya ba ne mutum ya ce ba zai iya ba. Mai unguwa ya ce, "To Alhaji, bakinka muke jira."

A'a tana kan harshena. Tun jiya na gyara ta, har da dalilai.

Na ce a kawo shi in gani tukuna.

Lidiya ta karɓo shi ta ɗora mani a hannu. Ban taɓa ɗaukarsa ba sai yau. Ba nauyi, kwanon masara ya fi shi. Ya buɗe ido ya ƙura mani, ba tsoro ba kunya, ya kai hannu ya damƙi gemuna. Sai na ji ɗumi na bin cinyata. A kan shaddar Sallata.

Ban shirya abin da ya fito ba. Kuma da ƙarfi ya fito, na gindin bishiya ma sun ji.

Na ce, "Kai, ɓarawon mata! Tunda ka zo ka ƙwace mani Hajiya, kai ne a ɗakinta, kai ne a bayanta, ni ko koko an daina ba ni. Yanzu kuma ka yi mani fitsari a gaban manya? Tsoho ka raina? To ba inda za ka. Muna nan da kai, sai ta faɗi wanda take so cikinmu."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Abubakar ya tsaya da biro a sama. Lidiya ta sa hannu ta rufe baki. Daga can ciki, bayan ƙofa, na ji wani sauti kamar an danne kuka da zane. Ban leƙa ba.

Mai unguwa ya gyara zama, ya dubi waje wurin masu shan inuwa, ya dube ni.

Ya ce a hankali, "Alhaji, ka san wannan wasan ba na uban riƙo ba ne. Wasan kaka ne da jika."

Na ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

"Kuma an ji."

"Don a ji na faɗa."

Ya gyaɗa kai. Can ya ɗaga hannu ya ce a shafa Fatiha, Allah ya raya Abdulganiyu. Muka shafa, ni da hannu ɗaya, don ɗayan na riƙe da shi.

Motar ta koma ba kowa. Na ce da Malam Abubakar ya ba malamin Kankara haƙuri, Allah ya ba su nasu.

Ban canza rigar ba sai da aka kira salla.